Wasiyyar Mai Rai

Azumin bana kamar wasa. Kafin mutum ya gama jin yunwa an sha ruwa, ga sanyi, ga yayyafin da ba ya barin maƙogwaro ya bushe. Yaran masallacinmu har ƙorafi suke yi wai sun gaji, ni kuwa in na ji su sai in yi dariya a ciki, don na ga azumin da ya amsa sunansa a garin nan na Turai. Shekara goma da ɗoriya ke nan, lokacin da watan ya faɗo a tsakiyar zafin Turawa. Ba na son tuna shi, kuma da na iya na bar shi inda yake. Abin da ya tono shi shi ne bana likita ta yarje wa maigidana, Abban Nana, ya gwada azumi tunda yinin gajere ne. Rabonsa da azumi tun waccan shekarar.

A lokacin ba mu daɗe da ƙaurowa unguwar Thamesmead daga Croydon ba. Ƙaramar hukuma ta ba mu flat, wato sashen gida, can sama a ɗaya daga dogayen benayen kankaren nan. Kankare ya yini yana shan rana, in yamma ta yi ya amayar mana da ita a ɗaki. Tagogin kuma an sa musu wani ƙarfe, ba sa buɗuwa fiye da faɗin tafin hannu, wai kada yara su faɗo. Iskar da ke samun shigowa ma ba abin arziki ba ce, warin ruwan tafkin da ke ƙasanmu take ɗaukowa, mai gansakuka. Rana ba ta faɗuwa sai mutum ya fid da rai, in ta faɗi ma haske ya tsaya a sama ya ƙi tafiya. Kafin a gama asham a ɗan kishingiɗa, lokacin sahur ya yi. Barci dai a watan nan sai labari.

Ina aiki a kicin ɗin wata makarantar firamare. Ni da bakina a rufe, ni ce mai zuba wa 'ya'yan mutane dankali da wake, tururi yana dukan fuskata, in sun ci sun bar rabi in kwashe in zubar. In na taso in tsaya jiran bas a inda babu inuwa, in shiga in tarar da shi kamar tanda. A gida gero yana jiƙe tun safe. Mun raba aiki da maƙwabciyata, wata Bahaushiyar Gana mai faɗa da kyauta: ni kunu, ita ƙosai, yara su yi ta hawa da sauka da kwanuka a matakala domin lif ɗin da ke kai mutane sama ya fi lalacewa a kan aiki. Sai a jera komai a tabarma a zauna ana kallonsa. Ƙosai ya huce, kunu ya yi fata, rana tana nan.

Abban Nana malamin lissafi ne a wata kwaleji, mutum mai sanyin magana wanda ko takalminsa a jere yake ajiyewa. Yana da ciwon ƙwaƙwalwa. In ya taso, ya ɗaga shi sama har ya daina barci, ya yi ta magana da shirye-shiryen da ba su da kai, sannan ya sake shi ya faɗo ƙasa warwas. Karo na farko a gida Najeriya ne, ina jegon 'yarmu Nana. A asibitin da aka kai shi suka yi masa maganin nan na wutar lantarki a kai. Ya warke, ban musa ba. Amma ya fito babu haihuwar Nana a kansa. Ba ya tuna huɗubar da ya yi mata a kunne, ba ya tuna ragon suna, ba ya tuna daren da ya yi ta zagaye da ita a kafaɗa. In ya ga hotunan sai ya yi murmushin da ake yi wa bikin wasu. Wannan abu ya tsaya masa a rai fiye da shi kansa ciwon.

Shi ya sa da ciwon ya ɗan taɓa shi a Croydon ya kuma lafa, ya zauna da ma'aikatan asibitin can ya rubuta takardar da suke kira advance decision. Mutum ne yake rubutawa yana cikin hankalinsa, ya faɗi abin da bai yarda a yi masa ba ranar da hankalin ya gushe. Na san abin da ke ciki don a gabana aka yi. Babban abu ɗaya ne: kada a sake sa masa wuta a kai. Sauran fata ne, cewa a kula da addininsa, a bar ni da yayansa mu riƙa shiga wurinsa. Ya sa hannu, ya ba ni kwafi, ya ɗauki ɗaya ya kai wa Yaya Garba.

Yaya Garba shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu. Yana unguwar Camberwell, yana tuƙa tasi, kuma shi ne ladanin wani ƙaramin masallaci a can, inda ake kiran salla a cikin ɗaki don kada maƙwabta su kai ƙara. Mutum ne da ba ya lanƙwasa. In ya ce abu haramun ne, ko kai ne limamin sai ka kawo hujja. Ina zaune ranar da aka miƙa masa ambulan ɗin. Ya juya shi, ya tambaya mene ne wannan. Abban Nana ya yi ta laluben kalmar Hausa, ya ce umarni, ya ce a'a, ya ce alkawari, ya ce shi ma ba haka ba. Daga ƙarshe ya ce, “Kamar wasiyya ce, Yaya.” Yaya Garba ya ce Allah ya sa mu cika da imani, ya sa ta a aljihun gaba. Ni har dariya na yi a raina da na ga yadda ya ɓata fuska. Ban san kalmar nan za ta dawo mana ba.

Maganin da Abban Nana yake sha yana son ruwa sosai, kuma likita ta ce kada ya yi azumi a irin wannan zafi. Shekarun baya yana bi, yana ciyarwa a madadin. A waccan shekarar ne wani mai dogon baki a masallaci ya gan shi da gorar ruwa a jaka, ya ce ashe malaman boko har da azumi suke yi wa lissafi. Magana ce ta raha, mai ita ma ya manta. Shi bai manta ba. Ya ɗauki azumi, ya rage maganin da kansa don lokutan sha ba su dace ba. Na yi magana, na yi faɗa, na yi kuka, ya ce in bar shi da Ubangijinsa.

Goman farko ya yi ta da ƙarfi kamar saurayi. Ya sauke Alƙur'ani, ya fente ɗakin Nana, ya fara rubuta jadawalin da wai zai daidaita wa duk Musulmin Turai lokacin shan ruwa. Na san alamar. Wata yamma na ɗauko takardar na ajiye a gabansa, na ce ya tuna wanda ya rubuta ta. Ya karanta yana dariya, ya ce matsoraci ne ya rubuta wannan, ya yayyaga ta ya tura ta ƙofar tagar nan mai faɗin tafin hannu. Na tsaya ina kallon guntayen suna sauka a hankali kan motocin mutane.

A goma ta tsakiya ya faɗo. Ya daina magana, ya daina zuwa aiki, ya zauna a gefen gado yana fuskantar taga. In an sha ruwa na kai masa dabino, sai ya nuna mini sama ya ce rana ba ta faɗi ba. In ce ta faɗi, ga waya ta nuna, ga maƙwabta suna ci. Ya ce ga haske can. In duhu ya yi sosai kuma ya ce alfijir ya kusa, ya makara. Ya ce bai ji kiran salla ba, kuma shi ba zai karya azumi a kan maganar waya ba. A garin da ba a jin kiran salla a titi, ban san inda zan samo masa ba. Na kunna masa a waya, ya ce wannan muryar matattu ce. Leɓɓansa suka tsage, idanunsa suka zurma. Ranar da ya kasa miƙewa na kira motar asibiti.

Suka tsare shi a ƙarƙashin doka, abin da suke kira section, wato ba shi da ikon fita. Ɗakin masu irin ciwonsa yana hawa na ƙasa, fitilu a kunne dare da rana, ga manyan tagogi ba labulen kirki. Wanda ke jiran faɗuwar rana, nan ne wuri mafi muni da za a kai shi. Suka sa masa ƙarin ruwa ya fizge, ya ce yana karya azumi. Suka mayar, ya sake fizgewa, har hannuwansa suka yi shuɗi. Lokacin ziyara kuma yana ƙarewa tun rana tana sama, don haka ban taɓa kasancewa tare da shi da magariba ba.

Likitar da ke kula da shi, wata doguwar mace mai furfura da ba ta kwana-kwana, ta kira ni ofis. Ta ce magungunan da suke ba shi suna ɗaukar lokaci kafin su yi aiki, jikinsa kuma ba shi da wannan lokacin. Ta ce abin da ya fi saurin fito da mutum daga irin wannan rami shi ne wutar, kuma sun fara shirin neman likita na biyu ya duba ya amince. Na ce ya rubuta bai yarda ba. Ta ajiye biro ta tambaye ni ina takardar, domin a bayanansu babu ita. Da alama ba ta biyo mu daga Croydon ba. Na ce ya yaga tawa. Ta tambaye ni yaushe, yana wane hali. Na faɗa mata. Ta ce yagawar wanda ciwo ya riga ya kama ba lallai ta zama janyewa ba, amma ita ba za ta iya tsayawa a kan maganar baki kawai ba, tana bukatar ta ga abin da ya sa wa hannu. Za ta nema a can, sai dai neman yakan ɗauki kwanaki. In akwai wani kwafi, in kawo.

Na fito na hau bas zuwa Camberwell da bakin azumi. Ranar har kwalta tana kama takalmi. Na tarar da Yaya Garba ya dawo daga aiki yana zaune da carbi, fanka tana juya iska mai zafi. Tun da aka kwantar da ƙaninsa bai je ba. Ba rashin so ba ne, na sani. Ya kasa ne, yana ta aiko da tofi a gora. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya dube ni kamar na zage shi. “Maman Nana, wasiyya fa kika ce. Mutum yana numfashi a buɗe wasiyyarsa?”

Na ce ba irin wannan ba ce, ba ta gado ba ce, ta masu rai ce, don irin wannan ranar aka rubuta ta. Ya ce shi da kunnensa ya ji mai ita ya kira ta wasiyya, kuma amana aka ba shi. Ya ce a garinsu ko likkafani ba a saya wa mara lafiya, balle a karanta abin da ya bari. Ya ce fata nake yi wa ƙaninsa ko kuwa gajiya na yi da jinya? Wannan ta shige ni. Ni mace ce mai baki, amma ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba, kuma ranar ma ban ɗaga ba. Na dai faɗi abin da ya daɗe yana ci na.

“Yaya, wanda ya rubuta takardar nan ba ya nan. Na je na duba, ba shi ne a gadon ba. In ba a karanta ta yanzu ba, yaushe za a ji ta bakinsa?”

Ya sunkuyar da kai. Carbin ya tsaya a hannunsa. Na jira har na gaji, na tashi na yi sallama, bai ɗago ba. A bas na yi kuka mai isata, wata tsohuwar Baturiya ta miƙo mini ruwa, na ce na gode.

Washegari ina isa asibiti na gan shi a bakin ƙofa, da babbar riga a wannan zafin, kamar mai zuwa ɗaurin aure ko jana'iza. Muka shiga tare. Ya yi wa ƙaninsa sallama, ya kira shi da sunan da yake kiransa tun yana yaro. Abban Nana bai juyo ba, idonsa yana kan taga. Yaya Garba ya tsaya a kansa ya daɗe. Sannan ya ce in kai shi wurin likita. A ofis ya zaro ambulan ɗin daga aljihun gaba, ya yi laushi da gumi, bakinsa a liƙe yadda aka ba shi. Ya ajiye a tebur, ya juya ya fuskanci bango. Ya ce da ni da Hausa, “Ki shaida, ni ban buɗe ba.”

Likitar ta karanta a tsanake, ta duba sa hannu, ta kira wani ya duba tare da ita, ta buga waya Croydon ta tabbatar lafiyarsa ƙalau ranar da ya rubuta. Sannan ta zaunar da mu ta yi mana bayani dalla-dalla, ina fassara wa Yaya. Ta ce tunda yana tsare a ƙarƙashin doka, magani za su iya ba shi ko ya ƙi. Amma wutar dabam ce. Tunda ya rubuta ƙin ta yana da hankalinsa, kuma bai janye da hankalinsa ba, doka ta ɗaure musu hannu. Sun soke shirin, kuma za ta rubuta a bayanansa yadda duk wanda ya karɓi aiki zai gani. Sauran abubuwan da ya roƙa ba dole ba ne a kansu, amma wajibi ne su saurara, kuma in sun ƙi su faɗi dalili. Har na fara sauke ajiyar zuciya sai ta ɗaga hannu. Ta ce akwai ƙofa ɗaya da takardar ba ta rufe ba: in ya kai ga rai zai fita nan take, doka ta ba su damar yi don ceton ransa. Ta ce ba ta so ta kai can, amma ba za ta yi mini ƙarya ba, in bai fara shan ruwa ba, can muka nufa.

Wato na yini ina neman takarda a bas, na samo, sai ta zame mini wani nauyin. Da babu ita, da watakila an riga an yi an gama yana shan shayi. Yanzu ni na tsaya a hana, kuma ina kallonsa yana bushewa kamar kuɓewar da aka shanya. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. In ya mutu, ni na kashe shi da biyayya. In aka yi masa, ya farka ya tarar an sake ɗebe masa wani yanki na rayuwarsa, ni ce na kasa tsare masa. Ina son mutum biyu, ɗaya a takarda ɗaya a gado, kuma abin da ɗaya yake so zai iya kashe ɗayan.

Yaya Garba ne ya tambaye ni a baranda, me ƙaninsa yake cewa in an ba shi ruwa. Na ce cewa yake rana ba ta faɗi ba, bai ji kira ba. Ya tambaya ko za su bar shi ya zo da magariba. Likitar ta yarda, tunda ga shi a rubuce. Ya zo, ya kira salla a daidai lokacinta, amma a irin wannan lokaci an riga an ba mara lafiyar maganin barci, ko motsi bai yi ba. Aka ce a jinkirta maganin gobe. Da goben ta zo, gwajin jinin safe ya fito da muni, likitar ta ce ba ta da tabbacin za su iya jira har dare.

La'asar ce, rana tana dukan tagar kamar da gayya. Yaya Garba ya tsaya yana kallon ƙaninsa, sannan ya cire babbar rigarsa ya ce in taya shi. Muka rataya ta a kan tagar, muka ƙara da mayafina da bargon gado. Wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo, ta ga abin da muke yi, ta kashe mana fitila. Ɗakin ya yi duhu-duhu, sai wani siririn haske da ya rage ta ƙasa. Na gane abin da zai yi. Mutumin da ya ƙi buɗe ambulan don kada ya saɓa, mutumin da in agogon masallaci ya yi gaba da kaɗan sai ya tsayar da jama'a. Na ce, “Yaya.” Ya ce azumi ba ya kan mara lafiya, saura kuma tsakaninsa da Allah ne.

Ya fuskanci gabas, ya sa yatsu a kunne, ya kira. Ba da ƙarfi ba, da irin muryar da yake yi a ɗakin masallacinsu. Muryar tana rawa. A waje ana jin ƙarar keken abinci da wani yana dariya a gaban talabijin. Ina kallon Abban Nana. Da aka kai tsakiya leɓɓansa suka fara motsi, yana amsawa. Da aka gama Yaya ya zauna a bakin gado, ya ɓare dabino, ya ce, “An sha ruwa, ƙanina. Bismillah.” Abban Nana ya buɗe baki. Ya sha kurɓi ɗaya, ya tsaya, ya sha na biyu. Na juya baya don kada ya ga fuskata.

Haka aka yi ta yi har ƙarshen watan. Kullum Yaya Garba ya ajiye tasi ya zo ya kira magaribar la'asar, daga baya har da ta hantsi. Abban Nana ya bar ƙarin ruwan a hannunsa tunda Yaya ya ce dare ne. A hankali magani ya kama. Ba a sa masa wutar ba. Ranar salla na kai masa tuwo ya ci loma kaɗan, ya tambaye ni Nana. Yaya Garba kuwa bai sake kiran salla a masallacinsu ba. Ya ce wa jama'a murya ce ta gaji, suka naɗa wani. Ni da shi ba mu taɓa tayar da maganar ba har ya rasu, shekara uku ke nan, ciwon zuciya, a cikin motarsa a bakin titi.

Abban Nana ya samu abin da ya roƙa. Ba a goge masa komai ba. Yana tuna ƙishin, yana tuna abubuwan da ya riƙa gani a jikin tagar, waɗanda sau ɗaya ya fara ba ni labarinsu na ce ya bari. Wani lokaci yana cikin gyara takardun ɗalibai sai in ga biro ya tsaya, ya tafi can. Bayan rasuwar Yaya ne ya gaya mini abin da ban sani ba. Ya ce ranar nan ya ga hasken ta ƙasan rigar. Ya san rana ba ta faɗi ba. Amma Yaya bai taɓa yi masa ƙarya ba tun yana yaro, sai ya ce a ransa to idonsa ne ya lalace. Na tambaye shi ko yana so a canza takardar, tunda yanzu ya san nauyin tunawa. Ya ce a bar ta yadda take. Ya dai ƙara layi ɗaya da hannunsa a gaban likita: in na ga alama, in kira su tun da wuri, ko da ya ce kada in kira.

Yanzu takardar tana ko'ina. Tana wurin likitan unguwa, tana asibiti, tana wayar Nana, ɗaya tana saman firji a cikin leda. Ba wanda yake kiranta wasiyya a gidan nan. Flat ɗin ma an canza mana tagogi, suna buɗuwa sosai, sai dai bana ba mai son buɗewa. Azumin yana tafiya lafiya, yana shan maganinsa da sahur da bayan shan ruwa, yana barci, ina lura da shi ta wutsiyar ido kamar yadda na saba.

Shekaranjiya ina kicin ina dama kunu, ruwan sama ya ɗauke, rana ta leƙo ta kwanta a jikin benen da ke fuskantarmu. Ko la'asar ba a daɗe da yi ba. Na ji motsi a bayana. Yana tsaye a bakin ƙofa da kofi a hannu, ya karkata kai gefe kamar mai sauraro, leɓɓansa suna motsi.

Na ce, “Abban Nana, lafiya?”

Ya ɗaga mini hannu in yi shiru. Ya jira, ya jira, sannan ya yi murmushi.

“Ba ki ji ba? Yaya ya kira.”

Na dubi taga, hasken yana nan fal. Na dube shi. Na ajiye ludayi, na je na ja labule har ƙasa, na karɓi kofin na cika masa, na ce ya yi bismillah. Ya sha yana lumshe ido. Da ya koma falo na miƙa hannu saman firji, inda takardar take.